Yadda cibiyar kula da manya ta wuni a Amurka za ta sa gwamnati ta riƙa mayar mata da kuɗin abinci

In kana da irin cibiyar nan a Amurka da ake kawo tsofaffi ko masu larura da safe a zo a ɗauke su da yamma, ko kana aiki a ɗaya, ko ma dai kana shirin buɗewa, to akwai kuɗin da gwamnatin tarayya ke mayarwa kan abincin da kake ciyar da su, kuma da yawa ba sa karɓa, wasu don ba su san da shi ba wasu kuma sun ji labarin takardu sun tsorata. Sunan shirin CACFP, yana ƙarƙashin ma'aikatar noma ta Amurka wato USDA, ta hannun sashenta na abinci da ake kira FNS. Asalinsa na yara ne, a 1968 aka fara gwada shi, sai a 1987 aka buɗe wa cibiyoyin manya ƙofa, a 1989 aka canja masa suna ya haɗa da manya. Shi ya sa in ka shiga neman bayani za ka ga kusan komai maganar yara ake, kar hakan ya ruɗa ka, naka ɓangaren yana nan a cikin dokar tarayya mai lamba 7 CFR 226, musamman sashe na 226.19a.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan saboda duk sauran bayanin a kansa yake tafiya: ba abincin da ka dafa ake biyanka ba, abincin da ka iya nuna shaidarsa a rubuce ake biya. Kuma ba kuɗi za a ba ka ka je kasuwa ba, kai za ka saya da aljihunka ka dafa ka ciyar ka rubuta, ƙarshen wata ka tura lissafi sannan a mayar maka da wani abu bisa farashin da aka yanke.

Da farko duba ko ka ma cancanta

Cibiyar dole ta kasance tana da lasisi ko amincewar hukuma, ta tarayya ko ta jiha ko ta ƙaramar hukuma, kuma ba wurin kwana ba ce, mutane suna zuwa ne su koma gida. Waɗanda za a biya kuɗin abincinsu kala biyu ne, wanda ya kai shekara 60 zuwa sama, da wanda ya kai 18 amma yana da larura ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa da ta rage masa iya kula da kansa, irin mai shanyewar ɓarin jiki ko mai cutar mantuwa. Sannan mutumin ya zama a cikin gari yake zaune, gidansa ko gidan ɗansa ko gidan haɗaka na masu larura, amma wanda aka riga aka kwantar a gidan jinya na dindindin ba ya cikin lissafi ko da ana kawo shi wurinka kullum.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne nan. Ba kowane wurin da tsofaffi ke taruwa ba ne cibiyar kula a idon wannan shirin. In wurinka na hira ne da wasanni da shan shayi kawai, dattawa masu ƙarfinsu suna zuwa suna tafiya da ƙafarsu, to ba kai ake nufi ba. Ana so a ga tsari na gaske na kula da masu larura, da hidimar lafiya da ta zamantakewa, da rubutaccen tsarin kulawa na mutum ɗaya ɗaya. Haka wuraren koyar da sana'a zalla ko na masu barin shaye-shaye, su ma ba su ne ake nufi ba. Don haka tun yanzu ka tabbatar fayil ɗin kowa yana da shaidar shekarunsa, da inda yake zaune, in kuma bai kai 60 ba da shaidar larurarsa.

Sai maganar mallaka. Cibiyar gwamnati ta shiga, ta ƙungiyar da ba ta neman riba mai takardar yafe haraji daga IRS, wato hukumar harajin Amurka, ita ma ta shiga. In kuwa ta kasuwanci ce, kamfaninka ne kana cin riba, to sai aƙalla kashi 25 cikin 100 na mutanen da ke rajista a wurinka suna cin gajiyar Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, wanda a takardu za ka ga an rubuta Title XIX, ko kuma tallafin hidimar jama'a da ake kira Title XX. Kuma wannan kashi 25 ɗin ba sau ɗaya ake dubawa a wuce ba, duk watan da za ka nemi kuɗi sai ka cika shi, watan da ka gaza to ba ka da kuɗin wannan watan. Gaskiya yawancin cibiyoyin manya ba sa shan wahala a nan tunda dama Medicaid ke biya wa akasarin mutanensu.

Wa za ka je wa

Ba Washington za ka kira ba, kowace jiha tana da hukumar da aka danƙa wa shirin kuma ba iri ɗaya ba ce. A New York ma'aikatar lafiya ce, a Texas ma'aikatar noma ta jihar, a California tun 2021 ya koma ma'aikatar walwalar jama'a, a Florida kuma ɓangaren manya ma'aikatar harkokin tsofaffi ce ke riƙe da shi daban da na yara. A shafin FNS na intanet akwai jerin hukumomin jihohi, daga can za ka samo taka.

Hanya biyu ce ta shiga. Ko ka shiga da kanka ka sa hannu a yarjejeniya kai tsaye da jiha, ko ka shiga ƙarƙashin wata uwar ƙungiya da ke ɗaukar nauyin cibiyoyi, ita za ta riƙa tura maka lissafi tana horar da ma'aikatanka tana duba takardunka, a madadin haka tana iya riƙe har kashi 15 cikin 100 na kuɗin da aka mayar. Ita uwar ƙungiyar doka ta ɗora mata ta zo dubiya sau uku a shekara, aƙalla biyu ba sanarwa. Ni a ganina in cibiyarka ƙarama ce kuma ba ka da mutum ɗaya da za ka ce ga aikinka takardun abinci, gara ka fara da uwar ƙungiya ka koyi aikin, kashi 15 bai kai zafin a ce ka dawo da kuɗin wata shida ba. Amma in kana da akanta da manaja mai ido, tsaya da kanka.

In da kanka za ka shiga, jiha za ta nemi ka halarci horo tukuna, ka cika fom, ka kawo lasisi, da kasafin kuɗi, da lambar UEI, wato lambar shaidar ƙungiya a wurin gwamnatin tarayya, da ake samu kyauta a shafin SAM.gov, wadda ta maye gurbin tsohuwar lambar DUNS tun watan Afrilu na 2022. Abu uku suke aunawa: kana da ƙarfin aljihun da za ka ci gaba da aiki ko da kuɗinsu ya yi jinkiri, kana da ma'aikatan da za su iya tafiyar da shirin, kuma kana da tsarin da za a iya bin diddigin kowace dala. Za su zo su ga wurin da idonsu kafin su amince. In fom ɗinka ya cika ba gyara, kwana 30 doka ta ba su su ba ka amsa, amma kalmar ita ce ya cika, takarda ɗaya ta ɓace agogon bai ma fara ba.

Inda kuɗin yake a gaskiya

A rana ɗaya mutum ɗaya, iyakar abin da za ka nema shi ne babban abinci biyu da abin motsa baki ɗaya, ko babban abinci ɗaya da abin motsa baki biyu. Ko sau biyar ka ciyar da shi uku za a biya. Farashin kuma mataki uku ne gwargwadon samun mutumin: na kyauta ga wanda samunsa bai wuce kashi 130 cikin 100 na ma'aunin talauci na tarayya ba, na rangwame ga wanda ke tsakanin 130 da 185, sai na mai biya ga wanda ya haura haka. Ana sabunta farashin duk ranar 1 ga Yuli, kuma na Alaska da Hawaii ya fi na sauran jihohi.

Bari in ba ka na shekarar da ta fara daga Yulin 2024 zuwa Yunin 2025 don ka ga yadda tazarar take. Karin kumallo dala 2.37 a matakin kyauta, 2.07 a rangwame, senti 39 kacal a matakin mai biya. Abincin rana ko na dare dala 4.43, sai 4.03, sai senti 42. Abin motsa baki dala 1.21, senti 60, senti 11. A waccan shekarar akwai kuma ƙarin senti 30 a kan kowane abincin rana ko na dare, kuɗi ne da ake bayarwa a maimakon kayan abincin gwamnati, shi wannan kowa ɗaya ne. To haɗa ka gani: mutumin da ya ci karin kumallo da abincin rana da abin motsa baki, in yana matakin kyauta dala 8.31 ke nan a rana, in yana matakin mai biya dala 1.22. Abinci iri ɗaya, faranti iri ɗaya, bambancin dala 7.09. A wata mai ranakun aiki 21 ya kusa dala 149 a kan mutum ɗaya, in mutum goma ne ka yi asarar kusan dala 1,490 a wata.

Me ke raba mutum tsakanin matakan nan? Fom ɗaya ne, fom ɗin samun kuɗi. Duk wanda ba shi da wannan fom a fayil, ko fom ɗinsa ya wuce wata 12 ba a sabunta ba, ko an manta sa hannu, to a matakin mai biya za a jefa shi ko da kowa ya san ba shi da ko sisi. Shi ya sa nake cewa wannan ita ce takarda mafi tsada a ofishinka. Sauƙin da ke ciki shi ne wanda ke karɓar tallafin sayen abinci na SNAP, ko tallafin kuɗi na SSI na tsofaffi da masu larura marasa ƙarfi, ko Medicaid, ko tallafin FDPIR na yankunan 'yan asalin ƙasar, kai tsaye matakin kyauta yake, ba sai an lissafa samu ba, lambar shaidarsa kawai za a rubuta a sa hannu. Wanda ba ya ɗaya daga ciki shi ne za a rubuta samunsa, da lambobi huɗu na ƙarshen lambar shaida ta Social Security ta wanda ya sa hannu.

Ga wani wuri da ake yawan zubar da kuɗi a banza. Baba yana zaune gidan ɗansa, ɗan injiniya ne albashi mai kauri, sai ma'aikaciyarka ta ce ai wannan gidan masu hali ne ta sa shi a mai biya, ko ɗan ya ƙi cika fom don yana ganin za a tono albashinsa. Alhali a ɓangaren manya, iyalin da ake lissafawa shi ne shi mutumin, da matarsa ko mijinta in suna tare, da waɗanda suka dogara da shi. Albashin ɗan da ke riƙe da shi ba ya shiga. Ka zauna da 'ya'yan ka yi musu wannan bayanin da baki, sau da yawa da sun ji haka za su sa hannu. Wanda ya ƙi kuma kar ka matsa masa, haƙƙinsa ne, sai dai a biya ka a ƙaramin farashi.

Kuma kar ka karɓi kuɗi biyu a kan faranti ɗaya. Abincin da aka biya da kuɗin Title III, wato wani tallafin ciyarwa da ke cikin dokar kula da tsofaffi ta Amurka, ba za ka sake nemansa a CACFP ba. Kana iya amfani da duka biyun a cibiya ɗaya amma a abinci daban daban, misali wancan ya ɗauki na rana wannan ya ɗauki karin kumallo da abin motsa baki.

Abin da dole ya kasance a faranti

Tsarin abincin da ake bi yanzu tun 1 ga Oktoba 2017 ya fara aiki. Karin kumallon babba: madara kofi ɗaya, kayan lambu ko 'ya'yan itace rabin kofi, sai hatsi oza 2 (oza ma'aunin nauyi ne da ake amfani da shi a Amurka), kamar yanka biyu na burodi ke nan. Abincin rana kashi biyar ne, madara kofi ɗaya, nama ko makwafinsa oza 2, kayan lambu rabin kofi, 'ya'yan itace rabin kofi, hatsi oza 2. Na dare haka yake sai dai madara ba dole ba ce ga manya. Abin motsa baki kuwa biyu za ka zaɓa daga cikin biyar ɗin. Makwafin nama yana da faɗi, kifi, kaza, ƙwai, wake, cuku, tofu, man gyaɗa na shafawa, don haka in mutanenka ba sa cin wani nama saboda addini ba ka da matsala.

Madara ita ce ke kayar da cibiyoyi. A ƙa'idar da aka sa a 2017, dole ta zama mai ƙarancin maiƙo ta kashi 1 ko wadda aka cire wa maiƙo gaba ɗaya, cikakkiyar madara ko ta kashi 2 ba ta shiga, kuma masu bincike sun san dabara, rasit ɗin madararka za su ɗauka su lissafa galan nawa ka saya su kwatanta da yawan abincin da ka ce ka raba, galan ɗaya kofi 16 ne, in lissafin bai kai ba za su soke abincin da madararsa ba ta fito ba. Tsofaffi da yawa kuwa ba sa son madara, wannan kowa ya sani. Mafita biyu ce. Ta farko, ga manya an yarda sau ɗaya a rana yogot oza 6 ya tsaya a madadin madara, in dai ba shi ka lissafa a matsayin makwafin nama a wannan abincin ba. Ta biyu, cibiyoyin manya an ba su damar su gabatar da abinci mutum ya zaɓa, a abincin rana ka miƙa duka biyar ya ɗauki aƙalla uku kuma a biya ka cikakke. Amma fa sai ka gabatar da duka, ba wai ka daina sayen madara ka ce ai ba sa sha ba, kuma wannan damar ba ta shafi abin motsa baki ba.

Sauran ƙa'idojin a gurguje. Ruwan 'ya'yan itace sau ɗaya kawai a rana ake lissafa shi kuma ya zama tsantsa. Aƙalla sau ɗaya a rana hatsin ya zama wanda ba a cire masa dusa ba, irin shinkafa mai ruwan ƙasa ko ots ko burodin alkama cikakkiya, kuma ka rubuta hakan ƙarara a jadawalin abinci. Kek da donot da kukis ba sa cikin hatsi, ka ba su ranar biki in kana so amma kar ka lissafa. Ba a yarda ka tsoma abinci cikin mai ka soya a cibiya ba, suya sama sama a kasko ba laifi. A karin kumallo nama ko ƙwai na iya maye gurbin hatsi har sau uku a mako. A na rana kana iya ba da kayan lambu kala biyu maimakon lambu da 'ya'yan itace. Akwai iyakar sukari a yogot da hatsin karin kumallo na kwali, wadda daga Oktoban 2025 ta koma kan sukarin da aka ƙara, sai ka riƙa karanta bayan kwali kafin ka saya.

Mai larurar da ke bukatar abincin da ya fita daga wannan tsari, sai an samo takardar likita da ta faɗi abin da zai guje wa da abin da za a ba shi, a ajiye a fayil. In kuma abincin haɗe-haɗe kake saya daga kamfani irin su naman kaza mai burodi a jiki, ka nemi mai tambarin CN, wato shaidar USDA da ke nuna yawan naman da ke ciki, ko takardar kamfani da ta faɗi nama nawa ke ciki, in ba haka ba ba wanda zai yarda da kai cewa oza 2 ne. Wanda ke sayen dafaffen abinci daga wani ɗan kwangila kuma ya sani, in ɗan kwangila ya kawo abinci ba 'ya'yan itace, kai za a hana kuɗi ba shi ba, don haka a ƙirga a duba tun a bakin ƙofa a sa hannu a takardar kawo kaya.

Rubutun kullum

Ƙidayar abinci a lokacin da ake ci ake yinta, mutum na tsaye da takarda ko kwamfutar hannu yana yi wa kowa alama yayin da farantinsa ya isa gabansa. Rajistar zuwa daban, ƙidayar abinci daban, kar ka ɗauki ɗaya ka kwafe a ɗaya, domin wanda ya zo ƙarfe 11 bai ci karin kumallo ba, wanda aka ɗauka zuwa asibiti kafin azahar bai ci na rana ba. Mai bincike in ya ga kullum mutum 40 sun zo mutum 40 sun ci komai har tsawon wata, ranar da ya zo da kansa kuma ya ƙirga 29, ka shiga uku. Kar kuma adadin ya wuce yawan mutanen da lasisinka ya yarda su kasance a lokaci ɗaya. Abincin ma'aikata da baƙi ba a nemansa.

Ka ajiye jadawalin abinci mai kwanan wata, in an canja wani abu a gyara da biro a ranar, da duk rasit, da takardun albashin masu girki in da kuɗin shirin kake biyansu. Kuɗin da aka mayar maka harkar abinci kawai zai koma, ba kuɗin gyaran mota ba ne ko haya, ko da cibiyar taka ta kasuwanci ce. Ma'aikata su yi horon shirin da na haƙƙin jama'a duk shekara a rubuta sunayen waɗanda suka halarta, sannan fostar nan ta USDA ta hana wariya a manna ta inda kowa zai gani. Duk takardun nan ana riƙe su shekara uku bayan shekarar kuɗin da suka shafa, shekarar kuɗin tarayya kuwa daga 1 ga Oktoba take zuwa 30 ga Satumba.

In ka ga jihohi sun tsaurara kar ka yi mamaki, tun badaƙalar Feeding Our Future a Minnesota da aka fara gurfanar da mutane a 2022 kan kusan dala miliyan 250 na abincin yara, ido ya ƙara buɗewa a kan kowa. Kuskure na gaskiya yawanci gyara za a ce ka yi ka mayar da abin da aka biya ka fiye da ƙima. Amma in aka ayyana ka da babbar gazawa ka kasa gyarawa, cibiyar da shugabanninta da sunayensu za su shiga jerin waɗanda aka haramta wa shirin na ƙasa baki ɗaya, shekara bakwai, in akwai bashi kuma har sai an biya.

Lissafin wata kuma kwana 60 kake da su daga ranar ƙarshe ta watan ka tura, na Janairu misali kar ya wuce 1 ga Afrilu, ko 31 ga Maris a shekarar da Fabrairu ya yi kwana 29, wasu jihohin ma nasu wa'adin ya fi haka gajarta. In ka makara akwai afuwa amma sau ɗaya ce a cikin wata 36, don haka kar ka ƙone ta a kan ƙaramin wata. Mafi sauƙi ka sa wa kanka doka a makon farko na sabon wata mutum biyu su zauna, ɗaya ya haɗa ƙidaya ɗaya ya sake bi yana kwatantawa da rajistar zuwa da fom ɗin kowa, sannan a tura. Jiha tana da kwana 45 ta biya lissafin da ba shi da matsala, to ka ga daga ranar da ka sayi kayan abincin farko zuwa ranar da kuɗin farko zai shigo ana iya cin wata biyu ko fiye, sai ka tanadi kuɗin cefanen wannan tsakanin kafin ka sa hannu a yarjejeniya.